Kogin Malam Taswira

Yana goge tabarau da gefen rigarsa kamar kullum, yana jiran kwamfutar ta farka. Tsohuwa ce, sai ta yi tari kafin ta buɗe ido, shi kuwa ba ya yi mata gaggawa, ya ce tsararsa ce. Malam Taswira yara suke ce masa, don tun gashinsa na baƙi yake shiga aji da taswira a naɗe a hammata, yana koyar da labarin ƙasa ga yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kwata faɗi ba.

Abin da ke ci masa rai ke nan. Ya zana kogi da shuɗin alli, ya ce nan mafari, nan inda ya faɗa teku, yara su rubuta, su haddace, su manta. Koginsa bai taɓa jiƙa kowa ba.

Ana saura shekara ya ajiye aiki, 'yarsa ta nuna masa wata duniya da ake shiga ta kwamfuta, fili fetal, mutum ya gina abin da ya ga dama, wasu su shigo su yi yawo a ciki.

"Baba, wasan yara ne fa," ta ce tana dariya.

Shi bai yi dariya ba. Kogi ya hango.

Koyon ya ba shi wuya. Yatsun da suka saba da alli suka ƙi madannai. Dutsen farko da ya gina a sama ya tsaya ba gindi. Da safe da lokacin hutu yana ɗakin kwamfuta na makaranta, har matarsa ta ce, "Malam, rufin kicin na yoyo tun bara, kai kana can kana gina duwatsu."

"Yi haƙuri, wancan ruwan shi ne mai jin maganata."

Abu ɗaya ya ƙi: rage tsawo. Ya gaji da gaya wa yara cewa faɗin ɗan yatsa a taswira tafiyar yini ce, suna kallonsa kamar mai tatsuniya. A duniyarsa kilomita sai ta cika kilomita. Ya shimfiɗa fili, ya tayar da tsauni, ya ɓuɓɓugo da ruwa daga ƙirjinsa ya gangaro da shi har teku. Mai gini tashi sama yake yi kamar shaho, cikin ƙiftawar ido ya kai ko'ina.

Sai shugabar makaranta ta kira shi. Yara sun yi yawa, ana so a mai da ɗakin kwamfuta ya zama aji, a kulle kwamfutocin a sito.

"Malam, darasi ɗaya zan ba ka. In na ga abin da allo ba zai iya ba, ɗaki ya tsaya."

Ranar darasin, yara suka cika ɗakin, sun yi cincirindo a kan kowace kwamfuta, shugaba na tsaye a bakin ƙofa. Ya sauke su a filin ciyawa, ya nuna musu tsauni can nesa, shuɗi-shuɗi. Suka danna, suka kama tafiya. Baƙo a duniyar tasa da ƙafa yake shiga, shi kuwa Malam bai taɓa taka ta da ƙafa ba.

Ciyawa, sai ciyawa. Tsauni bai matso ba.

"Malam, ina kogin?"

"Yana gaba."

"Malam, ko fari aka yi?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani ya ce a kira mota, wani ya ce shi ƙishirwa ta kashe shi, a gaya wa babarsa. Malam ya laluba inda ake ba baƙi fiffike, bai san wurin ba. Gumi ya cika masa tabarau. Can wata yarinya ta kara kunne ta ce, "Ku yi shiru, na ji ƙarar ruwa!" Aka yi tsit. Fankar tsohuwar kwamfutar ce.

Aka buga ƙararrawa. Yara suka watse, suka bar mutanensu na cikin kwamfuta tsaye cikin ciyawa, duk sun fuskanci tsauni.

"Malam, ka yi ƙoƙari," in ji shugaba, ba ta kalle shi ba. "Gobe kafinta zai zo auna benci."

Da ya rage shi kaɗai, ya shiga duniyarsa ya tashi sama sau ɗaya. Ga kogin can yana walƙiya, yana lanƙwasa, yana zuba cikin teku, ba kowa a bakinsa. Ya kashe kwamfutar, ya jira ta gama tarinta. Ya ɗauki taswirarsa ya sa a hammata, ya fita.