Murhun da Ba Ya Barin Garwashi

Mun tashi da asuba daga Tamale, mota cike maƙil, amma babu fuskar da na sani a ciki. Ba yawon shan iska ya fitar da ni ba. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana zaune ita kaɗai a Zangon Kumasi, 'ya'yanta kuwa duk suna Turai. Su suka bugo mini suka ce tsohuwa ta daina hira, in an kira ta sai ta ce "lafiya lau" ta yi shiru. Sun yanke shawara in je in duba ta, in na ga ba dama in haɗa kayanta in taho da ita, a rufe ɗakin. Na san Goggo. Raba ta da ɗakin da aka kai ta amarya, binne ta ne da rai.

A Buipe masu soyayyen kifi suka yanyame motar. Da na ji kuɗinsa sai na mayar da hannuna jaka, na gode wa burodin da na taho da shi. Matar da ke gefena ta mai da kafaɗata matashi tun kafin Kintampo, ko gaisawa ba mu yi ba, amma ban ture ta ba, don na daɗe ban ji nauyin mutum a jikina ba. Daga nan ƙasa ta fara sake kama, bishiyoyi suka yi duhu, doya jibge a bakin titi, ga yayyafi yana bin mu har Techiman.

Cunkoson Kumasi ya kusa cinye mana la'asar. Na hau keken nan mai ƙafa uku da suke kira pragya, ya kutsa da ni lungunan Zango, inda ƙamshin wake da shinkafa ke kokawa da warin kwata, Hausa kuma ta cakuɗe da yaren Asante har sai ka kasa kunne sosai. Na sami Goggo a ƙofar ɗakinta, ta rame, zaninta ya yi mata yawa. Gidan babba ne, na 'yan haya, amma kowace ƙofa da labulenta a sake.

A gefenta na ga abin da yara suka aiko mata: murhun itace na baƙin ƙarfe, mai ƙofa da bututun hayaƙi. A gindinsa akwai 'yar fanka mai batir da ke hura wuta, a samansa kuma agogon zafi mai allura, farkonsa baƙi, tsakiya fari, ƙarshe ja. Abu dai mai kyau, ba zan rage shi ba.

Da safe na ga yadda take aiki da shi. Ta jera itace, ta kunna, ta murɗa fankar har ƙarshe. Da yake ƙarfen na da sanyi, hayaƙi ya fara turnuƙe mu, can sai wuta ta kama da gurnani irin na injin niƙa. Allura ta wuce fari ta tsaya cikin ja, bututu har ƙauri yake na zafi. Kan ka ce me, koko ya dahu, gindin tukunya ya kama, itace ya ƙare. Na buɗe ƙofar murhun, ban ga komai ba sai farar toka. Goggo ta sha kokonta kaɗan, ta ture sauran, ta zauna tana kallon labulen mutane.

Na ce, "Goggo, ina matan da ke cika ƙofar nan da safe?"

Ta ce, "Su zo ɗaukar me, 'yata? Toka?"

Sai na tuna. Tun ina yarinya, in na zo hutu, Goggo ce ke fara hura wuta a gidan. Kowace mace takan zo da marfin gwangwani ta ɗebi garwashin da za ta tayar da kurfotinta na gawayi, kuma ba a ɗibar wuta a tsaye. Sai an zauna, an karɓi mafici an taya fifita, an tambayi kwanan yara da ciwon gwiwa, an ɗan taɓa gulma. Yanzu fanka ta karɓe aikin mafici, ta kuma cinye garwashin, ƙararta ma ba ta barin a ji sallama. Matan suka koma ashana da kananzir, wasu har suka ɗauka Magajiya, kamar yadda suke kiranta, ta yi murhun Turai ta fi ƙarfinsu.

Na ce ta riƙa kashe fankar mana. Ta girgiza kai. Ta ce yara sun wahala sun saya, in sun kira ta waya mai hoto so suke su ga abin yana ruri. Ba za ta zama marar godiya ba. Tausayinta ya kama ni, haushin yaran ma ya kama ni, ko da yake da zuciya ɗaya suka yi.

Washegari na karɓi girkin. Na zaɓi busasshen itace mai kauri, na bar shi ya kama da kansa har ƙarfen ya ɗumama, sannan na kunna fankar a hankali. Allura tana shiga fari na kashe ta, na rage ƙofar iska. Wutar ta kwanta tana ci a natse, koko ya dahu bai kama ba, garwashi ya taru jajir. Muka zauna muna jira, babu wadda ta leƙo. Na ce bari in kai wa matan da kaina, Goggo ta riƙe mini zani, ta ce ita ba ta taɓa tallan wutarta ba. Muna kallo garwashin ya mutu, ranar ko abincin rana ba ta ci ba, ni kuma na fara duban akwatunanta da ido.

Da gari ya sake wayewa na maimaita, ba don ina da sauran fata ba. Muna zaune sai wani labule ya motsa, wata dattijuwa Badagomba ta leƙo.

"Magajiya, injin ya lalace?"

Goggo ta ce, "Hutawa yake."

"To wuta ya akwai kaɗan?"

Ta fito da marfin gwangwaninta, ta jawo kujera, ta ɗauki tsohon maficin da ke rataye tana fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Goggo ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne. Murhun kuwa ko ɗigon hayaƙi ba ya yi.

Ban bar garin ba sai da na ga ƙofar ta fara cika, Goggo kuma tana suɗe kwano. Na gaya wa yaran su bar uwarsu inda take, in sun kira su tambaye ta wa ya zo ɗibar wuta.

Na dawo Tamale ni kaɗai, kujerar gefena da na yi niyyar saya wa Goggo, wani ɗan kasuwa ne a kai. Abin da na koyo bai da yawa: fanka ta tayar da wuta ce, ba ta riƙe ta ba, kuma kafin ka sauƙaƙa wa tsoho aiki, duba su wa aikin ke kawo masa. Na buɗe ɗakina, na murɗa gas, shuɗiyar wuta ta tashi nan take. Na daɗe tsaye a kanta. Shekara da shekaru ina gidan nan, babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa neman wuta.