Rigimar Kusu da Ɓera

Shekara biyu da ba mu jiha, Gusau ta cika da ofisoshi, kowane ofis kuma na neman mai buga masa takarda. A lokacin ina aiki a shagon kawuna, kusa da tasha, muna buga wa mutane takardu. Kawu na da abu biyu da ba kowa ke da su ba a garin: layin tarho mai aiki, da kwamfuta. Tarhon na cikin akwatin katako mai kwaɗo, makullin na aljihun Kawu. Kwamfutar kuwa ni kaɗai ke taɓa ta, don shi ko matsar da ita zai yi sai ya yi bisimilla.

Wani ɗan ajinmu, mutumin Magami, da ke karatu a ƙasar waje, shi ya jawo ni cikin harkar. Ya zo hutu da faifai, ya ce manhajar da ke ciki ba ta kowa ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara, ya ba wani.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To in ba ta kowa ba ce, wa za a kama in ta lalace?"

Abokina ya ce babu. Kawu ya ce shi bai yarda da kayan da ba su da wanda za a kama ba, amma dai ya bari aka sa.

Kafin abokin nawa ya koma, ya ce ya kamata mu mayar da kalmomin manhajar zuwa Hausa. Zai buɗe mana adireshin imel guda a kwamfutar makarantarsu, duk wanda ya aika wasiƙa can, kowa zai samu. Muka sa wa abin suna zaure, aka naɗa ni mai kula da shi.

Matsalar ita ce, a duk mutanenmu na gida ni kaɗai ke da imel. Akwai 'yan makaranta huɗu a waje, sai mutum biyu a nan da suka fi kowa zafi a kan aikin. Ɗaya malamin lissafi ne a wata sakandare a Tsafe, ya yi karatu a Kano, ba ya fita sai da biro uku a aljihun gaba. Ɗayar kuwa wata Hajiya ce a Bungudu, sa'ar innata, mai kula da katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Kowannensu na da tsohuwar kwamfuta a wurin aiki, amma babu tarho. Ba su kuma taɓa ganin juna ba.

Sai aikina ya zama haka. Bayan azahar Kawu zai buɗe akwati, in jona waya, na'urar ta yi ta kuka kamar an take wa ɗan akuya ƙafa, Kawu na tsaye yana duban agogo. In wasiƙu suka sauko in buga su a takarda, in sa a ambulan biyu, in kai tasha. Ɗaya wajen direban Tsafe, ɗaya wajen direban Bungudu. Amsa ta dawo da rubutun hannu, wani lokaci da tabon manja, in kwafe ta in aika zaure. Wasiƙa daga ƙasar waje zuwa Gusau minti guda take yi. Daga Gusau zuwa Bungudu kwana guda, ko biyu in direba ya manta ta a ƙarƙashin kujera. Don rage ɓarnar takarda, ba na mayar wa mutum da wasiƙar da shi ya rubuta, ta sauran jama'a kawai nake tura masa.

Da farko komai lafiya. Aka yarda da buɗe, rufe, ajiye, goge, ba a ko ja ba. Sai aka zo kan ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, kibiya ta motsa a allon kwamfuta. Malam ya rubuto cewa sunansa ɓera, haka yake a daidaitacciyar Hausa, a wuce gaba.

Hajiya ta amsa da layi biyu: "Mu nan kusu munka sani. In ɓera yaka so, shi koma inda yas samo shi."

Na buga wannan yadda yake, har ina dariya. Kwana biyu sai ga amsar Malam, shafi uku, kowace hujja da lambarta. A lamba ta bakwai ya ce mai jera katin masu zazzaɓi ba ta da hurumin koya wa malami harshe. Na zauna da takardar a hannu na daɗe. Wannan mata in na je Bungudu sai na durƙusa nake gaishe ta. Kuma ni zan buga wannan maganar da yatsuna, in sa a ambulan, in rubuta sunanta a baya. Sai na tsallake lamba ta bakwai, na mayar da ta takwas ta zama bakwai. Babu wanda ya lura.

Hajiya ta dawo da tata. Ta ce ta fara aikin gwamnati tun wancan malamin bai san hannun damansa ba, kuma lambobin da yake jerawa ya ajiye wa yaran aji ɗaya. Idan na cire wannan, babu abin da ya rage a wasiƙar sai sallama. Dole na cike gurbin. Na rubuta: "Malam, na ga hujjojinka, Allah shi ƙara basira. Amma a duba kusu." Har da harshenta na kwaikwaya don kada a gane.

Daga nan abin ya zame mini jiki. Duk wasiƙar da ta zo da wuta, in zuba mata ruwa kafin ta wuce. Sannu a hankali na daina cirewa kawai, na koma ƙarawa. Cikin wata na biyu Malam na takarda ya riga ya ce kusu kalma ce mai asali, yana neman afuwa in ya yi zafi. Hajiya ta takarda kuma ta ce ɓera ma ba laifi, ilimi ai na masu shi ne.

Su kuma na gaskiyar sai kowanne ya ɗauka ya ci nasara. Malam ya fara buɗe wasiƙunsa da, "Tunda Hajiya ta gane kuskurenta," in share. Ranar nan direban Bungudu ya miƙo mini ambulan da ƙullin daddawa, da 'yar takarda: "Kai ma malamin ga, tunda ya tuba." Na tura daddawar Tsafe, na rubuta, "Tsaraba daga yayarka." Malam ya ramo da rake, ya ce a ba ta don ta nuna dattaku wajen janyewa. Na aika raken, na riƙe bayanin.

Abokina ya rubuto daga waje yana yaba mana. Ya ce yana cikin zauruka da yawa na masu manhajar nan, a can kan waƙafi guda sai mutane su yi mako suna zagin juna, bai taɓa ganin zaure mai ladabi irin namu ba. Na karanta wa Kawu, ya ce ai tarbiyya ce. Na ce ƙwarai.

Sai abokin nawa ya ce lokaci ya yi da za mu yi shafin intanet, mu jera kalmomin da muka gama don duniya ta gani. Na yi mako ina haɗa shi, na aika masa ya ɗora. Gurbin ɗan abin nan mai wutsiya na bar shi fayau, da nufin in san dabarar da zan yi daga baya. Kuskurena shi ne gaya wa Kawu an gama. Nan take ya ce wannan ba abin da za a yi shiru ba ne, a kira mutanen Tsafe da Bungudu ranar Asabar su zo su gani da idonsu, shi zai kawo lemo da tsire.

Na yi iya ƙoƙarina. Na rubuta wa Hajiya cewa hanya ba daɗi, kada ta wahalar da kanta. Ta ce dama tana da biki a Damba ranar, za ta biyo da safe. Na rubuta wa Malam cewa sai bayan la'asar, ya ce shi mutum ne mai zuwa da wuri. Ƙarfe goma suka shigo shagon, kusan tare.

Gaisuwar da suka yi ta burge kowa. Yaya aiki, yaya yara, yaya marasa lafiya, an gode da rake, an gode da daddawa. Kawu ya buɗe akwati ba tare da ya dubi agogo ba, na jona waya. Shafin ya fara saukowa layi-layi. Ina ta addu'ar a ɗauke wuta. Ranar kuwa wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Muna jira sai Hajiya ta ce, "Malam, wallahi ka burge ni. Ba kowane namiji ka amsa laihinai gaban jama'a ba."

Malam ya yi murmushi. "Wane laifi, Hajiya? Ai ke kika janye, kuma na yaba."

"Ni? Na janye mi?"

"Kusu mana."

Hajiya ta buɗe jaka ta zaro takardun da nake aika mata, a ɗaure da zare. Ta lalubo ɗaya ta miƙa masa. Malam ya sa tabarau ya karanta a bayyane: "Ina neman afuwa in na yi zafi." Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

"Hajiya, tunda nake ban taɓa rubuta wannan jimlar ba."

Abin da ban sani ba, Malam da takardar kabon yake rubuta duk wasiƙunsa. Ya buɗe tasa jakar ya fito da kwafi, a jere bisa kwanan wata. Ya fara karantowa daga lamba ta ɗaya. Da ya kai ta bakwai, Hajiya ta ajiye kwalbar lemo. Zagin da aka yi mata wata uku da suka wuce, yau ya iso.

"Mai jera katin masu zazzaɓi? Ni?"

Ita ba ta da kwafi, amma ba ta buƙata, duk suna kanta. Ta zazzage masa su ɗaya bayan ɗaya, har da na hannun dama. Malam ya miƙe tsaye, ita ma ta miƙe. Mai shayin bakin tasha ya leƙo, direban Bungudu ya shigo ya tsaya a bayan Hajiya, shi bai ma san kan maganar ba. Sun yi kusan minti goma, kusu, ɓera, kusu, ɓera, sannan Malam ya tsaya cak.

"Dakata, Hajiya. In ni ban rubuta ba, ke ba ki rubuta ba, wa ya rubuta?"

Suka juyo tare. Ni kuwa na dage ina kallon allo kamar ban taɓa ganin shafin ba.

"Kai ɗan nan," in ji Hajiya, "taho nan."

Na durƙusa na faɗi gaskiya. Na ce kunya ce, Inna, hannuna ya kasa bugawa. Ta ce kunyar ce ta sa na saka mata magana a baki wata uku? Malam ya ce wannan manhaja ƙa'idarta kowa ya ga abin da ke ciki, ni kuma na mayar da zauren ɗakin duhu. Wannan ta fi yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Can Hajiya ta tuna. "Daddawata hwa? Na ba mutum daddawa kan tuban da bai yi ba!"

Malam ya ce, "Mun cinye, Hajiya. Kuma ta yi daɗi ƙwarai."

Ta so ta riƙe fuska, ta kasa. Dariyar da ta yi ce ta cece ni.

A nan take suka tsige ni daga kula da zaure, baki ɗaya, karo na farko da suka yarda a kan abu. Sai aka zo neman wanda zai gaje ni, aka ga tarhon dai ɗaya ne, kuma yana cikin akwatin Kawu. Kafin tsiren ya huce suka mayar da ni, da sharaɗi: in buga kowace wasiƙa harafi da harafi, in kuma mayar wa mai ita da kwafi ya duba. Malam da jan biro yake duba nasa.

Hajiya ta sa na rubuta wa zaure abin da na aikata. Abokina ya amsa cewa ya yi dariya har maƙwabcinsa ya buga masa bango, sannan ya ce a ɗora wasiƙun na asali a shafi. Haka na zauna na buga zagin wata uku da hannuna, wanda na guje wa tun farko. Shi ne kuma ya jawo mana jama'a. Mutane suka fara rubutowa daga Kano, daga Sakkwato, har daga Maraɗi, kowa na neman a sa shi a zaure don ya faɗi nasa.

Gurbin da na bari kuwa, an yarda a sa kalmomin biyu. Sai aka tashi sabuwar rigima kan wadda za ta zo farko. A ƙarshe aka yanke cewa mako guda kusu a gaba, mako guda ɓera, ni kuma in riƙa juya su duk ranar Juma'a.

Wata Juma'ar ina cikin juyawa, Kawu ya tsaya a kaina ya ce shi fa bai ga dalilin kawo masa kusu ko ɓera cikin shagon takarda ba. Abin da ake ja dama da hagu kibiya ta bi, ai linzami ne. Na tura shawarar zaure yadda ya faɗa, ban taɓa ko harafi ba. Malam ya ce babu hujja. Hajiya ta ce Alhaji, wato Kawu, ya tsaya kan makullinsa.

Bayan shekaru, Kawu ya tsufa ya bar shagon, na ga an rubuta linzamin kwamfuta a wani littafin 'yan makaranta. Ban ce daga wurinmu aka samo ba, don na san ba mu kaɗai ke wannan aiki ba. Amma na kai masa littafin gida na nuna masa. Ya duba ya daɗe, ya ce a yi kwafi biyu, a kai tasha.