Yadda Ni da Baba Muka Kusa Rasa Jirgin Ruwa a Miami

Shekarun baya, wajen shekara guda da dawowar mahaifina wurina a Bronx, na yi wata tafiya da shi wadda har yau idan na tuna nakan yi dariya ni kaɗai a cikin jirgin ƙasa, mutane su yi ta kallona.

Baba tsohon direban tirela ne. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar kaya tsakanin Kano da Legas, kuma kusan rabin shekarun nan a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya yi su. Bayan rasuwar mahaifiyata muka matsa masa ya zo ya zauna da mu a unguwar Mount Hope, a hawa na biyar. Mutumin da ya saba yau yana Tegina gobe yana Jebba, sai ga shi daga ɗaki sai falo, daga falo sai masallacin bayan layinmu. Ni kuma aikin jinya nake yi a asibiti, to sai na mayar da shi majinyacina na gida. Kar ka fita akwai sanyi, kar ka ɗauki wannan da nauyi, ka sha maganinka kuwa? Duk abin da na ce sai ya ce, "To, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa ya sa mini.

Wata rana muna zaune a falo aka nuna tallar irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Baba ya gyara tabarau ya ce, "Ikon Allah. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina kai wa jiragen ruwa kaya, ko matakalar ɗaya ban taɓa takawa ba." Ba da ƙorafi ya faɗa ba, ya ci gaba da shan shayinsa ma. Amma maganar ta zauna mini. Kafin wata ya ƙare na kama mana wuri a wani jirgi da zai tashi daga Miami ranar wata Asabar, kwana huɗu a kan teku. Maigidana ya ce mu je mu biyu, shi zai zauna da yara.

Na shirya komai yadda ya kamata. Za mu tashi a jirgin sama ranar Juma'a, mu kwana a Miami, gari ya waye mu shiga jirgi cikin natsuwa. Sai ƙanƙara ta sauko tun daren Alhamis. Da safe babban titinmu na Grand Concourse ya yi fari fat, kafin azahar saƙo ya shigo wayata cewa an soke tashinmu. Na fi awa guda ina riƙe da waya kafin wata mata a kamfanin jirgin ta ɗauka. Ta ce duk jiragen Miami sun cika har zuwa Litinin, abin da ya rage kujera biyu ne zuwa Orlando, gobe da sassafe. Na duba taswira, kusan awa huɗu ne a mota daga can zuwa Miami, jirgin ruwa kuma ƙarfe uku da rabi yake rufe ƙofa. Na ce ta ba mu.

Da na ajiye waya maigidana ya ce, "To wa zai tuƙa ku?"

Na ce, "Ni mana. Ba ina da lasisi ba?"

Ya dube ni, ya dubi Baba da ke ninke kaya a jaka. Gaskiyar ita ce lasisin nan shekararsa shida a jakata, amma aikinsa kawai a nuna shi a kanta. Tun ranar jarrabawa, tuƙin da na yi bai wuce matsar da motar maigidana daga wannan gefen titi zuwa wancan ba ranar da hukuma ke share titi. A New York wa ya damu da mota? Baba kuwa ba shi da lasisin ƙasar nan, ga shi ba a daɗe da yi masa aikin ido ba.

Mun sauka Orlando wajen tara da rabi. Muka cire rigunan sanyi muka cusa a jaka, Baba ya fito fes cikin farin kaftani da hularsa. A wurin hayar mota suka ba mu wata ƙaramar mota ruwan toka. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya taɓa kowace taya da ƙafa, sannan ya ce in buɗe but ya ga safaya.

Na ce, "Baba, lokaci. Motocin nan sababbi ne, ba abin da zai same su."

Ya ce, "To, Uwata." Muka jefa jakunkuna a kujerar baya muka shiga.

Fitowa daga filin jirgin lafiya lau. Inda ido ya raina fata shi ne wajen hawa babbar hanya. Motoci na wucewa kamar an harbo su, ni kuma na tsaya a bakin shiga ina jiran su ƙare, kamar mai jiran tsallaka titi. Na bayana ya danna hon. Na taka, na shiga, wata tirela ta wuce ta gefena har motarmu ta girgiza.

Can Baba ya ce, "Uwata, yaushe rabonki da tuƙi?"

Na ce, "Baba, an ɗan jima."

"An jima kamar wata biyu, ko an jima kamar mulkin soja?"

Dariyar da ta kama ni ita ta sassauta mini kafaɗa. Na faɗa masa gaskiya, ina jiran faɗa. Sai kawai ya matsar da kujerarsa gaba, ya gyara madubin ɓangarensa, ya ce, "Ba komai. Ke riƙe sitiyari, ni zan riƙe hanya."

Daga nan muryarsa ta canza. Ba ta tsohon da ke ce mini "to" a falo ba ce. "Daina kallon hancin mota, kalli nesa. Sassauta hannu, ba guduwa za ta yi ba. In za ki wuce tirela ki wuce ta, kar ki tsaya hira a gefenta, direban ba ya ganinki." Wayata tana faɗin inda za a bi da Turanci, Baba yana faɗin yadda za a bi da Hausa. Bayan kamar awa ɗaya na ji numfashina ya dawo daidai. Ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, sai ciyawa da ruwa. Muka wuce wani garken shanu, Baba ya juya yana kallonsu har suka ɓace, ya ce shi dai bai taɓa ganin shanu masu yawa haka ba ko mutum ɗaya a bayansu. Ya kwance ƙullin kilishin da ya sayo a shagon wani ɗan Nijar a unguwarmu, yana yago yana miƙo mini, yana ba ni labarin shekarar da ya kwana uku a gadar Jebba da lodin gyaɗa.

Yana tsakiyar labari ya karkata kai gefe yana sauraren ƙarar mota.

"Tayar baya ta ɓangarena tana sacewa."

Na ce, "Baba, da haka ne da motar ta nuna."

Ba a yi minti biyar ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabana. Allah ya taimaka akwai wurin hutawar matafiya a gaba kaɗan, na lallaɓa muka shiga. Muka sauka, ga ƙusa nan ta nutse a taya, ana jin iska na fita. Na buɗe but, na ɗaga shimfiɗar ƙasa. Rami ne kawai, ba safaya, ba jak. Na saci kallon Baba. Shi kuwa ya leƙa ramin kawai, ya mayar da shimfiɗar.

Na kira kamfanin hayar, suka ce za su turo mutum nan da awa ɗaya da rabi ko biyu. Lokacin ƙarfe ɗaya ta wuce, kuma da sauran tafiyar fiye da awa ɗaya a gabanmu, ban da mayar da mota. Na zauna a bakin dakali na haɗa kai da gwiwa. Ba hutun da na ɗauka ne ya dame ni ba. Tsohon nan ne, da ya goge kaftaninsa da kansa, ya gaya wa duk mutanen masallaci zai hau teku. Da wane ido zan mayar da shi Bronx?

Da na ɗago, babu Baba.

Na leƙa cikin mota, na duba ƙofar shaguna, sai can na hango farin kaftani a ɗaya gefen filin, inda tireloli suke jere. Yana tafe a tsakaninsu hannu a baya, yana leƙa wannan yana duba waccan, kamar mai zagaya gidan 'yan'uwa ranar sallah. Kafin in ƙarasa har ya tsaya da wani ƙaton direba mai furfura a gemu. Mutumin Sifaniyanci yake ji, Turancinsa kaɗan ne. Baba kuma Turancinsa na tashar Legas ne. Amma na tarar ya zaro tsohon lasisinsa na tirela da wani hoto da ya koɗe, shi da motarsa, mutumin yana riƙe da hoton yana gyaɗa kai. Baba ya nuna motarmu, ya yi "fsss" da baki. Shi ke nan bayani ya ƙare.

Mutumin ya yi mini alama in matso da mota kusa da tasa. Ya ɗauko wata 'yar jaka, ya zare ƙusar da filaya, ya cusa irin igiyar facin nan mai danƙo. Na ga Baba ya tattare kaftani zai durƙusa, bakina har ya buɗe zai ce "gwiwarka", na kama kaina. Ya durƙusa, ya zuba ruwan gora a wurin facin, ya sa ido ya ga ko zai yi kumfa. Bai yi ba. Mutumin ya jawo tiyo daga jikin tirelarsa ya ba tayar iska, Baba na danna ta da babban yatsa har ya ɗaga hannu ya ce ta isa. Duka-duka minti ashirin.

Da za mu rabu Baba ya ba shi ragowar kilishin. Mutumin ya yagi babba ya jefa a baki, yaji ya kama shi, idonsa ya kawo ruwa, yana tari yana dariya yana buga kafaɗar Baba. Suka yi musabaha irin ta waɗanda suka shekara ashirin da sanin juna.

Ragowar hanyar ban san ni ce na tuƙa ta ba. Shiga Miami layi biyar ne ko shida, kowa na sauri, Baba na cewa "yanzu, shiga" ni kuma ina shiga ba tare da gardama ba. Muka ajiye motar a ofishinsu na kusa da tasha, muka faɗa bas ɗin da ke kai fasinjoji. Uku da minti goma muka tsaya gaban kanta, zauren duk ya watse. Matar da ta karɓi fasfo ɗinmu ta dubi agogo ta dube mu ta yi murmushi kawai.

A bakin ƙofar jirgin Baba ya tsaya. Ya ɗaga kai yana kallon tsayinsa har sai da ya dafe hula. Ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ya ɗan jima a haka, sannan ya yi bismilla ya shiga da ƙafar dama. Ma'aikacin da ke tsaye a wurin bai ce mu yi sauri ba, na kuwa gode masa a raina. Muna shiga ɗaki muka haɗa azahar da la'asar, muka fito sama daidai lokacin da jirgin ya fara ja da baya.

Kwana huɗun nan Baba ko jiri bai ji ba. Kullum da hantsi yana can sama yana kallon ruwa, ya ci kifi iri-iri, ya yi abokai da ban san da wane yare suke hira ba. Ni ma'aikaciyar jinya ni ce na kwanta kwana guda cur, teku na juya mini ciki, yana kawo mini shayi da lemon tsami yana tambayata ko na sha maganina.

Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne, a shekarar da na yi ina kula da Baba, na kula da hawan jininsa da gwiwarsa da idonsa, amma na manta da mutumin da ke cikin jikin. Ina ganin gata nake yi masa, ashe hana shi amfani nake yi, kuma wannan ya fi sanyin New York cin tsoho. Da muka dawo na rage "kar ka". Shi yake zuwa shago yanzu, shi yake raka yara makaranta, in motar maigidana ta yi wani ƙara shi ake fara kira kafin bakanike.

Bayan dawowarmu da 'yan kwanaki ina kicin na jiyo shi a falo yana waya da wani tsohon abokin aikinsa a Kano. Na ɗauka labarin jirgi zai ba shi, sai na ji yana maganar hanya. "Daga Orlando har Miami, ita ta ja mu. Wallahi hannunta yana da kyau." Ya ɗan saurara, sannan ya rage murya, shi a dole kar in ji. "Birki ne dai take takawa kamar ta ga maciji. Amma wannan zan gyara."