Zufar Inna Laraba

Har gobe ban manta da ranar da na dakatar da Inna Laraba daga aiki ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, makarantun kwana suna cika da ɗalibai, ni kuma ina ƙaramin duba-gari a Gombe, da sabuwar takardar shaida da kan da ya fi hulata girma.

Aikinmu shi ne duba masu dafa abinci duk farkon zango. A duba farce da fata, a tambayi tari da zazzaɓi. Wanda aka yi zarginsa sai a dakatar da shi, a aika kakinsa asibiti a auna.

Inna Laraba ce shugabar masu girki a wata makarantar 'yan mata, ta kusa shekara ashirin a bakin murhu. Ina cikin yi mata tambayoyi sai na ga fuskarta ta yi sharkaf, zufa na bin wuyanta. Jim kaɗan kuma ta jawo mayafi ta ƙudundune. Wata abokiyar aikinta ta ce ai kullum haka take, da safe ma sai ta shanya zanen gadonta. Littafinmu ya ce zufar dare da jin sanyi alamun tarin fuka ne. Na tambaye ta ko da abin da ke damunta, ta sunkuyar da kai ta ce babu. Na sa hannu a takarda, ina jin na ceci ɗaruruwan yara.

Bayan mako uku Sista Rifkatu, babbar ungozoma a asibiti, ta sa aka kira ni. Sakamako ya fito, babu komai. Ta tambaye ni ko matar tana tari, na ce a'a. Ko ta rame? Na ce a'a. Shekarunta fa? Na ce ban tambaya ba.

"Al'ada ce ke ɗauke mata," in ji ta. "Haka yake yi wa mata da yawa. Ni ma da kake gani, ga mahucina a aljihu."

Kunya ta kama ni ƙwarai. Na hau keke na nufi gidan Inna Laraba a unguwar Shamaki. A can na tarar an ware mata kwano da moɗa, surukarta kuma ta hana ta ɗaukar jikarta tun ranar da takardata ta iso.

Na durƙusa na ce, "Inna, don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, sa'an autana ne kai. Da wane baki?"

Ta koma aiki ranar Litinin. Bisa shawarar Sista, aka matsar da ita daga bakin wuta zuwa wajen rabon abinci kusa da ƙofa, aka ajiye mata tulun ruwan sanyi, ta koma sa rigar auduga mara nauyi. Ta ƙara shekara shida kafin ta yi ritaya, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Tun daga nan ban sake duba mace ba sai da wata mace a gefena. Ku da kuke fara aikin nan, ku sani mutanenmu sukan ce "babu komai" alhali akwai, ba don ƙarya ba, sai don mai tambayar ba shi ya dace ya ji ba. Takardar da na sa wa hannu cikin minti ɗaya, mako uku ta raba tsohuwa da jikarta.