Kafaɗar Verna Lindgren

Duk wanda ya yi firamare a garinmu, nan arewacin Minnesota, Verna Lindgren ce ta kai shi makaranta. Ni maƙwabciyarta ce. Ta ɗauki ɗana, yanzu kuma tana ɗaukar jikata Hazel da nake riƙo. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, harara ɗaya ta madubi ta isa yaro ya haɗiye cingam ɗinsa. Tun rasuwar mijinta ba ta da abokin hira sai doguwar motar makarantar nan ruwan ɗorawa da take tuƙawa. Ba ta taɓa jefa ta a rami ba, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka.

Bara da kaka aka yi allurar rigakafin mura a filin coci, irin wadda ba sai ka fito daga mota ba. Ana sanyi na fitar hankali, mu kuwa nan ba mai tuɓe rigar sanyi don allura. Verna ta ja wuyan rigarta ƙasa, ta miƙa wa yarinyar da ke yin allurar ɗan abin da ya leƙo na kafaɗarta. Allurar ta shige can sama, cikin gaɓar kafaɗa. Washegari ko kofin shayi ta kasa ɗagawa da hagu.

Ta ce zai wuce, bai wuce ba. Har bazara ni nake taje mata kai, tana mita wai hannuna kamar na mai faci.

'Yarta da ke birni ce ta samo lauya. Ya yi bayani ta waya cewa akwai asusun da ke biyan diyyar irin wannan rauni, kuma ba abin da zai sami yarinyar da ta yi allurar. Abin da ake so kawai, likita ya shaida hannun ya daɗe ba ya ɗaguwa. Verna ta je wurin likita ta faɗi gaskiya. Ranar na fara ganin hawayenta.

Ana cikin haka lokacin gwajin lafiyar direbobi ya zo, wurin wani likita daban. Ta sha maganin kashe zafi tun da safe. Da ya ce ta ɗaga hannu sai ta cije ta ɗaga shi har sama, ya ce lafiyarta lau. Ta dawo gida ta yi amai a bayan gareji.

Lauyan ya ce ba a gudu ana susar takashi. Kotu za ta nemi shaidar likitocin biyu, don haka ta zaɓa: ko hannun ya lalace ta bar tuƙi, ko lafiyarsa lau ta bar maganar diyya. Na ce mata ta karɓi hakkinta ta huta.

"In huta in yi me, Doris? In zauna ina kallonki kina tsufa?"

Ta janye ƙarar. Daga ranar ta hana ni taɓa kanta, ta aske gashin ya koma kamar na soja. In an tambaye ta kafaɗa sai ta ce wace kafaɗa.

Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe hanya. Tsakanin unguwarmu da makaranta akwai gangaren kogi, da wata muguwar kwana dab da gada, wadda ko ƙato sai ya sa hannu biyu a sitiyari. Rannan muna cin abincin rana Hazel ta ce, cike da sha'awa: "Kaka, Verna fa gwana ce. A kwanar gada da gwiwa take riƙe sitiyari."

Tsoro ya kama ni har abincin ya fita raina. Na ɗauki waya zan kira shugaban makaranta, na tuna wannan kiran shi zai raba ta da abu ɗaya da ya rage mata, na ajiye. Na tsallaka gidanta na yi mata magana. Ta saurare ni tsaf, sannan ta buɗe mini ƙofa da hannun dama in fita.

Yau da safe motar ta tsaya a ƙofar gidana, ƙofarta ta buɗe. Na fito ni kaɗai, makullin motata a hannu don ni zan kai jikata makaranta, Hazel tana ciki na ce kada ta leƙo. Verna ta dubi makullin, ta dube ni.

"Hazel ba ta da lafiya ne?"

Na ce lafiyarta lau.

Sai ta rufe ƙofa, ta ja motar ta nufi gangaren, yaran mutane suna ɗaga mini hannu ta taga.