Kirarin Injin Jiratawa

Ana sallame asuba muka bar Sabon Gari, ni da ɗan ƙanwata da kayan haukansa. Shi ne mai gitar orkes, ƙungiyar makaɗan zamani, wadda in ya kaɗa ta akuyoyin unguwa ke tsinke igiya. Wannan karon aikin nasa ne shi kaɗai, 'yan orkes ba su ma sani ba. Ya samo wani akwati mai maɓallai daga Yamai, yana buga ganga da kansa, ya kama sauti ya yi ta maimaitawa. Yana son ya haɗa ƙarar ƙauye da gitar da muryata a kaset ɗaya. Ni kuwa maroƙi ne tun ban da gemu, lakwal, makarantar boko, sau ɗaya na shiga, ranar da ruwan sama ya kora ni ciki.

Sai dai akwai Alhajin da nake wa roƙo shekara da shekaru, wanda geronsa ke riƙe da gidana. Tun da ya shiga jam'iyya ya aiko mini cewa duk inda muryata ta fita, sunansa ya fita.

Kuɗin mota ya hau tun da sefa ta faɗi. Direba ya ce batirin akwatin namu fasinja ne, aka ba shi kujerar gaba, ni aka cusa ni baya da buhun albasa.

A Tsibiri muka tarar da mata na lugude, yaron ya ɗauki sautin. Furarsu gero zalla, nonon sai da rantsuwa. Wata tsohuwa ta ji akwatin ya maimaita tarinta, ta ja da baya ta ce, "Wanga iska, wa yake hawa?"

Ashe Alhaji na mitin ɗin jam'iyya a garin. Ya hango ni ya ce, "Ga maroƙina. Ku sa sunana cikin injin nan, ya riƙa faɗi ba gajiya."

Yaron ya ce, "Alhaji, wannan kiɗan ba na kowa ba ne."

"Kirari ba mai shi? To, in ba sunana, a manta da gerona."

Na ce, "Allah ya ja kwana," muka wuce. A mota yaron ya ce, "Kawu, in kana so mu sa." Na ce ya riƙe akwatinsa. Amma Alhaji ya yi gaskiya a abu ɗaya, kirari ba ya tsayuwa sai da mai shi. Na gwada yin kirari ba mai shi a hankali, bakina ya ƙi buɗewa.

Muka ratsa Maradi, ofisoshi a rufe ana yajin aiki, muka sauka Jiratawa da azahar. Ko'ina kore, tumatir da tattasai, ga kwaɗon zogale da ƙuli wanda ya sa na yafe wa direba. A bakin gonaki wani tsohon injin ban-ruwa ke ta tari. Yaron ya kama ƙararsa, ya ɗora luguden Tsibiri a kai, ya saki gitar. Na tambayi wani manomi ko gonar wace jam'iyya injin ke shayarwa. Ya ce, "Baba, shi dai ruwa ya sani."

Nan bakina ya buɗe. Na ce: "Baƙi mai tari, ɗan ƙarfe jikan ƙarfe. Ba ka tambayi katin kowa ba. Ba ka yi alkawari ba, ka cika." Akwatin ya kama, ya yi ta maimaitawa har manoma suka ajiye fartanya. Ina cikin yi tiyo ya ɓalle, ruwa ya jiƙe ni sharkaf. Manomin ya ce, "Ya yi maka liƙi."

Da magariba muka dawo gida da damin zogale. Geron Alhaji bai zo ba, ba kuma zai zo ba. Uwargida ta ce tunda na sake ubangida, in je ya ba ni na tuwo. Zogalen muke ci, ina ramewa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, muryar nan da na ɗauka ta Alhaji ce, ashe haya yake yi. Kaset ɗin kuwa na kai wa mai shayin da ke ƙofar gidansa, na ce ya ƙure murya.