Anacleto, Mai Ƙidayar Numfashin Kifi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Anacleto Marinho a gidansa da ke Boa Hora, yana da shekara saba'in da tara. 'Yarsa Zuleide ce ta tuƙo kwalekwale har bakin matakalar gidana ta sanar da ni. Ni na riƙe ta ranar baftismarta, shi ya sa shekara arba'in da ɗoriya ni da ubanta ba mu kira juna da suna ba, sai dai compadre.

To compadre, ka riga ni. Kullum cewa kake ni zan fara tafiya saboda taba, ga shi kai da ba ka sha ka tafi ka bar ni da ita a hannu.

Matasan yanzu sun tashi sun tarar da babban kifin nan pirarucu fal a tafkin Mururé, suna zaton haka Allah ya bar shi tun asali. A'a. An yi shekarun da mutum zai yini a kan ruwa da mashi a hannu bai ji bugun wutsiya ko ɗaya ba. Mu da maƙwabtanmu mutanen São Bento muke tarayya a tafkin, kowa na sauri ya kwashe kafin ɗan'uwansa, jiragen ƙanƙara na fataken kifi kuma su zo daga birni da taru su share abin da ya rage. Da hukuma ta ga haka sai ta hana kamun gaba ɗaya, hanin da ya mai da mu ɓarayi a ruwan kakanninmu. Ni ma na taɓa, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Gida tara aka rufe a Boa Hora. 'Ya'yana maza biyu suka tafi Manaus dako. Saura kaɗan garin ya zama kufai.

A lokacin ne ka ce kifin nan yana ƙirguwa. Duk masunci ya san pirarucu ba ya wuce minti ashirin bai taso ya shaƙi iska ba, kuma mai mashi yana gane babba da ƙarami daga ƙarar tasowarsa. Mu da wannan sanin muke kashe shi. Kai ka ce a ƙirga shi da shi, in an san adadinsa a san abin da za a ɗiba ya bar iri.

Ka kai maganar cocin São Bento, inda garuruwan biyu suka zauna suna hararar juna. Seu Juvêncio, shugaban mutanen São Bento, ya ce, "Kai Anacleto, kajin gidanka ma ba ka san yawansu ba, kifin cikin ruwa za ka ƙirga?"

Ka ce, "Kaji ba sa tasowa shan iska, Seu Juvêncio. Da suna yi, da tuni na san nawa suka nutse a tukunyarka."

Dariyar da aka yi ran nan ta yi aikin da limaman coci uku suka kasa. Aka rufe tafkin shekara uku, ana gadinsa bi da bi, muna ta fama da ƙananan kifi da garin rogo har muka fara kama da su.

Saura hukuma. Ka yi ta zirga-zirga har aka turo mana wani matashi mai tabarau, muna ce masa Dokta. Mutumin kirki ne, amma bai yarda ido da kunne suna awo ba. Ya zaɓi wani kududdufi da rani ya yanke daga tafkin, ya ce ka ƙirga, sannan a ja taru a gani. In ya yi daidai, shi da kansa zai rubuta a sauya doka. In bai yi ba, a bar zancen har abada.

Ka zauna a goshin kwalekwale, ko sauro ba ka kora ba. Da minti ashirin suka cika ka ce, "Manya arba'in da uku."

Yini guda muka yi muna jan taru, ana auna kowane kifi ana sake shi a babban tafki. Aka samu arba'in da biyu. Dokta ya riƙe baki, ya ce wannan ai ya isa, har ya zaro biro. Mu kuwa har mun fara rungumar mutanen São Bento. Sai ka ce, "Ba biyu na ce ba, Dokta. Uku."

Na ja ka gefe na ce, "Compadre, don girman Allah ka rufe bakin nan, mutumin ya yarda!"

Ka ce, "Compadre, in yau an yafe mini ɗaya, gobe kai goma za ka nema. Na san ka."

Haka ka tsai da mutum sama da talatin cikin rana, gumi na zuba, ka ce kowa ya yi shiru. Minti goma, babu komai. Sha biyar, na fara tsine maka a zuci. A na sha bakwai ruwa ya tsage can bayan wani kututture, jar wutsiya ta haska, kifin ya buga ya koma. Dokta ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Seu Juvêncio ya ce, "Wannan tsohon da kifi yake hira."

Daga nan doka ta sauya mana. Duk rani a ƙirga, cikin manya goma a kama uku, wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba a bar shi, lokacin ƙwai kowa ya jingine mashi. Jiragen ƙanƙara suna nan suna zuwa, amma a bakin gaɓa suke tsayawa su saya. Kai ka kafe sai mutanen São Bento su ƙirga ɓangarenmu mu ƙirga nasu, kai kuma ka kafe sai an fitar da rabon matan da mazansu suka mutu kafin na kowa. Shekarar da na ƙara biyar a ƙidayata, ba ka tona ni a taro ba. Gida ka biyo ni, ka sha kofina, ka ce, "Kunnenka ya tsufa ne ko zuciyarka?" Washegari na je na gyara da bakina.

Ƙidayar bara ta haura dubu huɗu. Kana kwance ba lafiya aka kawo maka labari, ka ce a sake, ba ka yarda da yaran nan ba. Aka sake, ta fito daidai.

Ranar da muka kai ka makabartar tudu ruwa ya cika, kwalekwale suka yi yawa har aka rasa wurin ɗauri, sai dai wannan ya ɗaure a jikin wancan. Jikokin Seu Juvêncio suka ɗauki akwatinka. 'Ya'yana biyu suka haƙa kabarinka, don sun dawo gida da matansu da 'ya'yansu tun shekara shida da suka wuce. A Boa Hora yau babu ƙofar da ke rufe.

Allah ya jiƙanka, compadre, ya yafe maka kurakuranka, har da taurin kan. Comadre Ermelinda, uwargidan mamaci, Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. Zuleide da ƙannenki da jikoki, da mutanen Boa Hora da São Bento baki ɗaya, ina yi muku ta'aziyya, ku ma ku yi mini. Allah ya ba shi hutu, mu kuma ya ba mu ikon faɗin adadin da muka gani, ba ƙari ba ragi. Amin.